Ina neman shawara: tafiya Freetown da Hajiyarmu a watan Agusta

Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana nake ba barci a kan maganar nan. Yayana na zaune a Freetown, babban birnin Saliyo, tun kafin rasuwar mahaifinmu, ko zaman makoki bai samu zuwa ba, abin da ya sa shi da Hajiya suka daɗe ba sa ga maciji. Sai bana aka sasanta su, ya ce in kawo ta ta ga jikokinta. Har ya tsara inda zai kai ta: bakin tekun Lumley, gidan tarihi, da tsibirin Bunce. Na sayi tikiti, sannan na gano filin jirgin yana Lungi, a ƙetaren mashigin ruwan da tashar jiragen ruwa take, dole sai an haye kafin a shiga gari. Hajiya kuwa ko kwalekwale ba ta taɓa hawa ba, ga ciwon gwiwa, jirginmu kuma da dare zai sauka. Ban faɗa mata ba tukuna. Yaya zan yi?

Alhaji Ɗan Kasuwa: Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Hanya uku ce: babban jirgin fito daga Tagrin zuwa Kissy, wanda har motoci yake ɗauka, ƙananan jirage masu gudu da ke kai mutum Aberdeen, ko mota ta Port Loko. Ka ɗauki mai gudu, bai kai awa ɗaya ba. Mashigin nan yana cikin manyan tashoshin da Allah ya yi da kansa a duniya, ba haƙa shi aka yi ba, shi ya sa aka kafa garin a wurin a 1792. Manyan jiragen dakon kaya ke shiga, kai kana tsoro?

Maman 'Yan Biyu: Alhaji, zurfin ruwa ai ba shi ne kwanciyar ruwa ba. Agusta tsakiyar damina ce a can, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. A watan Agustan 2017 ne dutse ya zaftare a Regent, a gefen Freetown, mutane da yawa suka rasu. Ɗan'uwa ka ɗaga tafiyar zuwa Disamba.

Autan Hajiya: Anti ba zai yiwu ba, tikitin ba a canza shi sai da tara mai yawa. Kuma yaran suna hutu ne a Agusta.

Bakatsine: Kamfanonin jiragen nan Allah ya isa. Ni wani ya soke min tafiya, har yau ina bin kuɗina, kullum a ce in tura saƙo. Da na je ofishinsu ma kujera ba su ba ni ba.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Regent kan tudu yake, me ya haɗa shi da fito? Kada a tsorata yaro. Fasfon ECOWAS ya ishe ku, ba biza. Riƙe katin rigakafin shawara. Ka kuma lura an cire sifili uku daga kuɗinsu a 2022, wasu har yanzu da tsohon lissafi suke faɗin farashi.

Malamar Tarihi: Ni Bunce ne damuwata. Can cikin kogi yake, kusan kilomita 30, a ƙaramin jirgi ake zuwa, kuma kangon gidan da Turawan Ingila suka tsare bayi ne, wajen kuka ne ba na shaƙatawa ba. Ku kai ta Cline Town, kusa da unguwar Fourah Bay, ta ga tsohon ginin kwalejin Fourah Bay da aka kafa a 1827, akwai tsofaffin masallatai a wajen. Babbar rimin tsakiyar gari kam ta faɗi a guguwar Mayun 2023.

Autan Hajiya: Malama, yayana ya riga ya yi magana da mai jirgin Bunce. In na ce a fasa zai ce ni ke hana ruwa gudu, alhali da ƙyar aka shirya su.

Maman 'Yan Biyu: To ku kwana a Lungi, ku haye da safe ido na ganin ido. Kuma ka faɗa wa Hajiya gaskiya tun yanzu. Ni haka ƙannen mijina suka ɓoye wa surukata maganar asibiti, ƙarshe ni aka ɗora wa laifi.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Kwana a Lungi asarar kuɗi ne. Ta rufe ido ta yi ta salati, kafin ta ankara an iso.

Tsohon Direba: Mota ta fi. Awa uku zuwa huɗu ne, amma ƙafarta na ƙasa.

Autan Hajiya: Baba, da gwiwar nan ba za ta iya doguwar zama cikin dare ba. In kuma na faɗa mata yanzu, na san halinta, cewa za ta yi ta fasa. Akwai wanda ya taɓa hawa mai gudun nan da tsohuwa? Ana taimaka musu wajen shiga?

Bakatsine: Wai wane kamfani ka sayi tikitin a wajensu?