Kafaɗata ta goce karo na huɗu, ku ba ni shawara

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Bara da azumi na faɗi a mashin wajen gadar Kawo. Mashin ɗin ma na yayana ne, har yau maganar kuɗin gyara ba ta mutu ba a gidanmu, alhali mai Keke ne ya shigo mini, kowa ya gani. Kafaɗa ta goce, mai ɗori ya mayar. Tun daga nan sau uku tana fita, na ƙarshen riga kawai nake sawa. Asibiti suka tura ni gashi. Na je sau biyu, ba abin da aka gasa, roba aka ba ni wai in riƙa ja. Shekarata 23, aikin silin nake yi, bikina saura wata 2. In ci gaba ko in koma wurin mai ɗori?

Tsohon Gola: Ƙanena, sunan gashi ne ya ruɗe ka, robar nan ita ce maganin. Kan ƙashin ya fi ramin da yake zaune a ciki girma, tsokoki 4 ne ke riƙe da shi. Ranar da ya fara fita yakan yaga leɓen ramin, mai ɗori kuwa ƙashi ya mayar, bai ɗinke komai ba. Manna gwiwar hannu a haƙarƙarinka, ka ja robar waje a hankali, kullum, wata 3. Kada ka ɗaga hannu ka kai shi baya kamar mai jifa, ta nan take fita.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ba da lafiya. Mu da muka yi jigilar maigida gashi, kuɗin Keke kaɗai ya isa mutum. Ka fita da asuba, a ce mai dubawa bai zo ba. Danginsa kuwa ko leƙe.

Malamin Kimiyya: An yi maka hoto? A shekarunka, kafaɗar da ta fita sau huɗu da wuya motsa jiki kaɗai ya tsayar da ita. Ka nemi hoton MRI mai nuna tsoka da jijiya, ka ga likitan ƙashi a asibitin Shika da ke Zariya ko asibitin Dala a Kano. Wataƙila sai an yi aiki.

Tsohon Gola: Malam, daga roba sai wuƙa? Ni tawa sau biyu ta fita, ba wanda ya tsaga ni. Yaro ya bar silin wata 3 kawai.

Ɗan Rigasa: Yaya, in bar silin in ci me? Ko lefe ban gama haɗawa ba. Kuma mai ɗorin nan shi ya ɗora babanmu, ba na son a riƙa magana kamar bai san aikinsa ba. Ni na yi gaggawar kwance hannun.

Malamin Kimiyya: Hoton fa?

Maman 'Yan Biyu: Ka riƙa shafa man zafi da dare. Amaryar ta sani?

Ɗan Rigasa: Ba ta sani ba. Robar ma ƙanwata ta ɗaure buhun gawayi da ita. A Kasuwar Barci ana samun irinta?