Wane suna za mu ba aikin jan bik?

Malamai ƴan uwa, tun da kundin sake gina Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, muke ta neman kalmomin sana'armu a nan Yamai. Yau ga wadda ta tsaya mana a wuya: rétroaction corrective écrite. Wato abin da malami ke yi da jan bik a kayen ɗalibi, littafinsa na rubutu, idan ya karya nahawu.

Da yawa kun ce "gyara" kawai. Ta yi faɗi. Mota ma gyara ake mata, mai goro ma gyara yake ba ka. "Gyaran rubutu" kuma, yaro zai ɗauka hannunsa ne bai yi kyau ba.

Wata malama daga Tawa ta kawo "tsokaci". Malama, ki yi haƙuri, tsokaci yana iya zama yabo zalla, ko kuskure ɗaya bai taɓa ba.

Abin da ya sa na ƙi kalma ɗaya tilo shi ne aikin kansa iri biyu ne. Ɗan Bahaushe ya rubuta "la soleil". Ba sakarci ba ne: a Hausa rana mace ce, wata namiji, Faransanci kuwa ya juya su. Mushe na farko, wato malami, zai soke "la" ya rubuta "le" a sama, ya gama wa yaro aiki. Na biyu zai ja layi a ƙasa kurum, ko ya sa alama a gefe, yaro ya koma ya nemo da kansa. Wanda ya taɓa duba kaye sittin a dare ɗaya ya san wanne ya fi cin lokaci, ya kuma san sau nawa yaro ke duba maki ya rufe kayen.

Masana ma a kan nan suka yi ta kai ruwa rana. A 1996 John Truscott ya ce a daina gyaran nahawu a darasin rubutu, ba ya amfani. Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999. Daga baya John Bitchener da Ute Knoch suka gwada gyara abu guda kawai, "a" da "the" na Ingilishi, suka ga ɗalibai sun riƙe. In ba mu da sunaye daban, yaya za mu yi wannan muhawara da Hausa?

Ga abin da nake ganin mu tsaya a kai. Uwar kalma: rubutaccen gyaran kuskure. In malam ya ba da amsa, gyara kai tsaye. In ya ja layi ya bar yaro, nuni. In ya zaɓi kuskure iri ɗaya ya ƙyale sauran, zaɓaɓɓen gyara.

Wani dattijon malami ya fi son "ishara" a kan "nuni". Baba, kalmar tana da daɗi, amma kunnen ɗan firamare wa'azi zai ji. Nuni ya sani tun daga gida.