Wai ɗanyen mangwaro ke kawo palu, in ji mushe

Baban Ƴan Biyu: Jama'a, raina a ɓace yake. Ɗiyata tana CE2, aji na huɗu na firamare, jiya ta dawo daga lakwal ta ce mushensu, wato malaminsu, ya gaya musu ɗanyen mangwaro ne ke kawo palu. Yau na je da ƙafata. An rubuta "a wanke hannu" a allo, amma bokitin bakin aji busasshe ƙayau, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Moɗa guda duk ajin ke sha da ita. Ɗan kwantaragin da bai san aikin sauro ba, shi zai koya wa ƴaƴanmu kiwon lafiya?

Mushen Tibiri: Alhaji, "ɗan kwantaragi" ya zama zagi kenan? Ni ma shi ne. Na fito ENI ta Maradi, makarantar horon malamai, shekara tara ina cin ƙurar alli.

Baban Ƴan Biyu: Ban zage ka ba, malam. Sunan aikin na faɗa.

Mushen Tibiri: Da ma'aikacin dindindin ne ya yi kuskuren, za ka ambaci takardarsa?

Hajiyar Bagalam: Ƙanena, kai ma ka cika zafi. Kwantaragi ai ko likita akwai su. Mu ma mangwaron aka faɗa mana muna yara, ga mu da jikoki.

Ɗan Kasuwa: Hajiya, kwantaragin likita daban, na lakwal daban. Wasu don sun rasa abin yi suka ɗauki alli.

Mushen Tibiri: Kai da ka samu abin yi, zo ka shiga ajin zana ranar Afirilu. A 2021 nan cikin Maradi wuta ta cinye irin waɗannan rumfunan, yara fiye da 20 suka rasu. Wa ke cikinsu har yau? Ƴan kwantaragin da kuke rainawa.

Madamu ta CSI (ƙaramin asibiti): Ku tsaya. Sauro ke kawo palu, gidan sauro ke tsare shi. In yaro na zawo, a haɗa masa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wannan ko awa ɗaya bai kai ba a koya wa kowane mushe.

Ɗan Kasuwa: Lokacin kwalara ta 2018 a Madarunfa ina mushen suke?

Hajiyar Bagalam: Hutu ake, damina ce. Kuma ai daga Jibiya cutar ta shigo.

Bakatsine: Haba Hajiya! Kome ya lalace sai Jibiya? In za ku sayi mai kuwa, Jibiya ƴar uwa ce.

Ɗan Kasuwa: Wake da dabbobinmu fa, ina suke tafiya?

Baban Ƴan Biyu: Bokitin fa, jama'a? Ba wanda ya ce kome a kan bokitin.

Bakatsine: A fara janye maganar Jibiya tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, na rufe. Abin da ya fito fili shi ne an ci mutuncin ƴan kwantaragi ba gaira ba dalili, kuma ba wanda ya ji maganar mangwaron da kunnensa sai bakin yarinya. Ni na yi shekara 14 ina koyarwa, ban taɓa ganin uba ya aiko da sabulu ba. Alhaji, gobe ka ba ɗiyarka guda ta kai wa mushenta, ka haɗa da ban haƙuri.