Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi: na talaka ne ko na manya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Atamfa da shadda nake sayarwa a Babbar Kasuwar Katsina, kuma kusan kowane mako sai na shiga Kantin Kwari sari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye ribata. Shi ya sa idona ke kan layin dogon nan da Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya har Maraɗi. To in an gama, irinmu za su iya hawa kuwa? Ku da kuka saba da na Abuja zuwa Kaduna, yaya kuɗinsa ya kasance?

Ma'aikaci daga Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da aka buɗe shi a 2016, kujerar talaka ba ta kai naira 1,000 ba, mutane har hawa suke yi don yawon buɗe ido. Sai matsalar tsaro a hanyar mota ta kora kowa tashar jirgin Rigasa da ke Kaduna, manya da ƙanana, tikiti ya koma hannun 'yan bayan fage. A 2020, bayan kullen korona, aka ce za a rage cunkoso, aka mai da shi 3,000. Korona ta wuce, kuɗin bai sauko ba. A 2021 aka koma sayen tikiti ta intanet. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 ya tsaya cak sai Disamba, ya dawo da ƙarancin zirga-zirga, kuma sai da lambar NIN. Ni wannan ya fi ci mini rai: ka rasa na safe, ranarka ta tafi.

Gwaggon Funtuwa:
Ɗana, mu mun ga jiya. Tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta garinmu ya bi. Kana zaune kan bencin katako, buhun gero a ƙafarka, kaji a kwando, ana miƙo maka dafaffiyar gyaɗa ta taga. Ba ya sauri ko kaɗan, amma ba wanda ya taɓa ce mini kayana sun yi yawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Gwaggo, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Dila biyu nake dawowa da su. In sai na biya mai kurkura daga Kwari zuwa tasha, na biya awon kaya, na sake biyan wani a Katsina, ai gara in ci gaba da rigima da kwandasta. Akwai wanda ya san yadda suke cajin kaya a Rigasa?