Saliyo ce ta yi Martin Puryear?

Kafinta: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya da Malama ta turo hotunan aikin wannan dattijon masassaƙi baƙar fata na Amurka, Martin Puryear, nake ta juya su a waya. Ga abin da na gani, kuma a kansa na tsaya: Afirka ce ta yi mutumin nan. A 1964 ya zo Saliyo aikin sa-kai na Peace Corps, shirin gwamnatin Amurka, aka ajiye shi a garin Segbwema yana koyar da Turanci da Faransanci da ilimin halittu a sakandare, ya yi shekara biyu. A can ya zauna da kafintocin gari, mutanen da ba su da injin yankan katako, ya ga yadda ake haɗa itace da itace ya kama da kayan hannu kaɗai. Shekarata talatin a wannan sana'a, in na ga haɗi ina gane irin hannun da ya koyar da shi. Amurka tuwo ta tarar a tuƙe. Ita ce ma ta bar shi sai da ya kai shekara 77 kafin ta tura shi ya wakilce ta a babban baje kolin fasaha na duniya da ake yi a Benis ta Italiya.

Malamar zane: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da hotunan suka kama ka, amma ka ɗauki shekara biyu ka ɗora musu kayan shekara sittin. A Washinton aka haife shi a 1941, kuma tun yana saurayi yake ƙera kayan ɗaki da jita da hannunsa, tun bai san hanyar Saliyo ba. Ya gama Jami'ar Katolika ta Amurka a 1963. Da ya bar Saliyo a 1966 ma bai koma gida ba, Suwidin ya wuce, ya yi shekara biyu a makarantar fasaha ta Sitokhom. A can ya haɗu da James Krenov, wanda duniyar masu yin kabad da tebur ta san da zamansa. Daga nan sai Jami'ar Yale ta Amurka, inda ya karɓi digiri na biyu a 1971. A 1983 kuma ya je Japan ya duba gine-ginensu da lambunansu. In haɗin katako ne hujja, Suwidin da Japan ma za su miƙe su ce nasu ne.

Kafinta: Malama, makaranta daban, buɗewar ido daban. Yaro na iya zaga shago biyar, amma akwai shago ɗaya da a cikinsa ya fara ganin girman sana'ar. Lokacin da yake Yale ai yayin da ake yi shi ne mutum ya zana akwatin ƙarfe a takarda ya aika masana'anta su ƙera masa. Shi ya ƙi. Ke kika faɗa mana cewa ya ce ya duba salon, ya ɗanɗana, ya tofar. Wa ya ba shi ƙarfin halin tofarwa in ba waɗancan kafintocin ba?

Malamar zane: Wannan kam ba zan ja da kai ba. Ya koma Amurka yana girmama aikin hannu a lokacin da ake yi masa kallon ƙauyanci. Inda muka rabu shi ne kalmar "ta yi shi".

Ɗalibi: Malama, da izininki ina bayan Baba Kafinta, kuma ina da shaida. A babban baje kolin da gidan fasahar zamani na MoMA da ke Niyok ya yi masa a 2007, akwai sabon aiki da ya raɗa wa suna C.F.A.O. Tsohon baro ne aka ɗora masa tarin sanduna a harhaɗe sama da tsayin mutum, a jikinsu kuma an kafa wata doguwar farar fuska irin ta dodannin Afirka. Sunan na kamfanin Faransawa ne da ya gani a Saliyo. Mutum ya haura shekara 65, shekara 40 da barin wuri, amma wurin bai bar shi ba. In wannan ba tushe ba ne, mene ne tushe?

Dattijo daga Damagaram: Ɗana, ka taɓo abin da muka sani. Mu da muka tashi a nan ba sai an fassara mana CFAO ba, haka mutanen Kano. Kanti ne na Faransawa, suna sayen gyaɗa da fatu su loda zuwa teku, su kawo atamfa da sauran kayan Turai. Iyayenmu sun yi musu dako. Da na ga hoton baron nan da lodin da ya fi ƙarfinsa, ɗan dako na gani, ban ga wani abu ba. Wanda bai zauna a ƙasashenmu ba ba zai san ya sa wannan suna ba.

Malamar zane: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, kuma ita ce ta kawo ni kan abin da nake son a duba. Fuskar da ke jikin aikin ba ta Mende ba ce, mutanen da ya zauna a cikinsu. Ta ƙabilar Fang ce ta Gabon, irin wadda masu zanen Faris suka yi ta rububi a farkon ƙarni na 20. Baron kuwa a Faransa ya samo shi, a garin Saché, a wurin aikin marigayi mai fasaha Alexander Calder inda ya yi zama na ɗan lokaci. Ashe ba kewar gida yake sassaƙawa ba. Yana nuna yadda aka yi ta lodin Afirka ana turawa Turai ne, gyaɗarta da fatunta har da fuskokinta. Wannan kallon na jikan waɗanda aka loda ne, wanda ya san ɓangarorin tekun biyu.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake tsoron wannan laƙabi. A 1984 shi wannan gidan na MoMA ya yi wani baje koli da ya jera aikin Turawa irin su Picasso kusa da sassaƙar Afirka da ta tsibiran tekun Fasifik, a ƙarƙashin kalmar da ke nufin fasahar mutanen da ba su waye ba. An sa aikin Puryear a ciki. Baje kolin ya sha suka sosai, saboda an ɗauki masassaƙan Afirka kamar rijiyar da ake ɗiba, ba a ɗauke su masu tunani ba. Duk lokacin da baƙar fata ya yi abin mamaki sai a ce jininsa ne, ko gadonsa ne, ba a cewa kansa ne. Mu in muka ce Afirka ce ta yi shi, da ƙauna muke faɗa, amma ramin ɗaya ne.

Mazaunin Teksas: Ku ba ni dama in sa baki, don ni na tsaya a gaban aikinsa da ƙafata. Gidan fasahar zamani na Fort Worth ba shi da nisa da inda nake, kuma a nan tsanin da ya yi a 1996 yake, wanda ya sa wa sunan Booker T. Washington. Yaya Kafinta, hoto bai gaya maka komai ba. Tsayinsa ƙafa 36, wajen mita 11. Ɗanyen itace guda ɗaya ya tsaga gida biyu tun daga gindi har kai, shi ya sa duk inda ɓari ɗaya ya karkace ɗayan ma ya karkace, kamar mutum da inuwarsa. A ƙasa faɗinsa ya kusa ƙafa biyu, kana iya sa ƙafa. Yana hawa yana tsukewa, har a can ƙoli bai fi inci ɗaya da ɗoriya ba. Kuma bai taɓa ƙasa ba, a rataye yake a cikin wani dogon ɗaki na siminti tsirara, haske na saukowa daga sama. Na ɗaga kai har wuyana ya gaji. Idonka na gaya maka tsanin ya yi nisa ne shi ya sa ya ƙanƙance, hankalinka na gaya maka a'a, matakan ne suka ƙare wa ƙafa. 'Yata da ke tare da ni ta tambaye ni wa zai hau. Na kasa ba ta amsa, sai da muka fito.

Ɗalibi: Kawu, sunan ne amsar. Booker T. Washington a cikin bauta aka haife shi a 1856, ya shugabanci makarantar Tuskegee tun daga 1881, yana kiran baƙaƙen Amurka su kama sana'ar hannu su hau a hankali, mataki bayan mataki. W. E. B. Du Bois, wani jagoran baƙaƙen, ya ce wannan haƙurin ya yi yawa. Tsanin ya ƙi raba gardamar.

Mazaunin Teksas: Haka ne, sai dai shi da bakinsa ya ce sai da ya gama aikin sunan ya zo masa. Abin da ya fara damunsa shi ne yadda ido ke auna nisa. Amma ni abin da nake son Yaya ya ji shi ne, a gaban tsanin nan ban tuna Saliyo ba. Maƙwabtana na tuna, baƙaƙen Amurka da nake sallar Juma'a da wasunsu, da labarin kakanninsu.

Malamar zane: Haka aikinsa yake in aka bi shi. A 1978 ya murɗa ɗanyar fata ya yi layuka a bango don tunawa da Jim Beckwourth, baƙar fatan da aka haifa a bauta ya zama ɗan farauta a yammacin Amurka. A 2016 ya kafa Big Bling a dandalin Madison da ke Niyok, ƙafa 40, katako da ragar waya, a samansa wani ƙaton mari irin na ɗaure bayi da aka shafe da zinariya. A Benis a 2019 ya yi ginshiƙi ya soka masa turken ƙarfe mai mari, ya sa masa sunan Sally Hemings, baiwar da shugaba Thomas Jefferson ya haifi 'ya'ya da ita. Ginin Amurka da ke Benis kuwa a kan fasalin gine-ginen Jefferson aka yi shi. Wato ya shigar da baiwar tsakar ɗakin ubangidanta ya tsayar da ita. Wannan ciwon Amurka ne, Malam, kuma ɗan gida ne kaɗai ya san inda yake.

Kafinta: To na ji wannan. Amma maganar jinkiri fa? Shekara 77.

Malamar zane: Ita ma ba ta tsaya da ƙafa biyu ba. A 1977, shekarar da gobara ta ci ɗakin aikinsa a Brooklyn da ayyuka masu yawa, a shekarar gidan Corcoran na Washinton ya yi masa baje koli shi kaɗai, yana da shekara 36. A 1989 shi kaɗai ya wakilci Amurka a babban baje kolin Sao Paulo na Burazil, ya kuma ɗauko babbar kyauta, a shekarar ya sami kyautar MacArthur. A 1991 gidan fasaha na Shikago ya tattara aikinsa ya zaga da shi birane, a 1992 yana babban baje kolin Documenta a Jamus. Na 2007 ya tashi daga Niyok ya je Fort Worth da Washinton da San Faransisko. Obama ya rataya masa lambar girmamawa ta ƙasa a 2012. Wanda aka yi watsi da shi ba haka tarihinsa yake ba.

Ɗalibi: Malama, amma Benis ita ce Benis. Tun 1930 Amurka take da gininta a can, sai a 1997 baƙar fata ya cika shi shi kaɗai, Robert Colescott. Jenny Holzer ba ta cika 40 ba aka ba ta a 1990, shekara ɗaya bayan Puryear ya ciyo wa ƙasar kyauta a Burazil. Shi kuma sai da ya ƙara jiran shekara 30.

Malamar zane: Na farkon gaskiya ne, kuma abin kunya ne gare su. Na biyun bai isa hujja ba. Louise Bourgeois tana da 81 aka tura ta a 1993, Joan Jonas tana da 78 a 2015. Wariya tana nan a tarihin wannan gini, ba na musu. Shekarun Puryear ne ba za su iya tabbatar da ita ba.

Dattijo daga Damagaram: Ni abin da ya sa na iya zama na kalli hotunan nan da natsuwa, mafi yawansu ba surar mutum ko dabba ba ne. Wani kamar kwando, wani kamar akurki, wani kamar hula. Abin da hannu ya saba yi ne aka girmama.

Kafinta: Baba, ai nan nake. Malama ta karɓe mini rabin magana, na sallama: labarin da yake bayarwa na mutanensa ne na Amurka, kuma kansa ne ya tsara, ba jini ba. Jinkirin ma na janye. Amma ban janye hannu ba. Ku dubi na 2023 da ya gina da jan bulo a filin baje sassaƙa na Storm King da ke jihar Niyok, yana da shekara 82. Da dabarar ginin Nubiya aka ɗaga shi, wadda ake jingina layin bulo a kan layi har rufi ya haɗe ba tare da katakon tallafi ba. Tsoho mai wannan suna, da duk injiniyoyin Amurka a gabansa, ya koma wurin maginan bakin kogin Nilu. Mutum ba ya yin haka sai in tun yana saurayi wani ya nuna masa cewa a nahiyar nan akwai ilimi. Ba ta yi shi ba, to. Ta koya masa wa zai tambaya.

Malamar zane: In haka ka mayar da ita, Malam, saura kaɗan mu haɗu. Ni dai zan ƙara cewa ya tambayi Suwidin da Japan da irin wannan ladabin.

Kafinta: Wannan mu bar shi sai wani zaman. Ƙanena na Teksas, in ka sake komawa wurin tsanin, ka matsa kusa ka ɗauko mini hoton inda matakan ƙasa suka shiga jikin itacen, ta gefe da ta baya. Akwai wani dogon reshen darbejiya da na sa ido a kansa a bayan shago, ina so in tsaga shi in gani ko ɓarin biyu za su bi juna.

Mazaunin Teksas: In sha Allahu ranar Asabar, Yaya. Zan tafi da yarinyar, tun ranar take cewa a mayar da ita.