Abin da mutane suka ce kan kare idan mai shi ya shiga hatsari

To jama'a, kan tambayar me kare ke yi idan mai shi ya shiga hatsari, ga abin da na tattaro daga amsoshin mutane:

1. Kusan kowa ya yarda kare na gane tsoro ko ciwo daga murya da warin gumin mai shi, sai ya hau haushi, ko lasa, ko ya kwanta a gefensa.

2. In mutum ya faɗi, a ɗaure karen kafin maƙwabta su taɓa mutumin, don yana iya cizon mai taimako, shi a ganinsa hari ne.

3. Nan aka rabu: 'yan unguwar Barnawa a Kaduna sun ce karnukansu na tare ɓarawo, wasu daga unguwar Kawo suka ce nasu ƙarƙashin mota yake shigewa, sai wanda aka horar. Ni dai na fi yarda da na biyun.

4. A yi wa kare allurar rigakafin haukan kare duk shekara, ba musu.