"Wanke" inji ko "goge" inji? Rigimar motar rimot

Mai Motar: Jama'a, raina a ɓace yake. Motar rimot ɗina mai inji samfurin 550 ta sha ƙurar hunturu, na kai wa wani mai gyara, ya wanke injin da fetur. Yanzu sai ƙauri da tartsatsi. Wa zai biya ni?

Mai Rewayin: Wanke? Tun daga nan aka ɓata. Injin lantarki hure shi ake da iska, a cire yashin da ya maƙale wa maganaɗisu, a goge.

Ɗan Kurmi: Malam, ana wankewa mana. Inji mai kabon, wato ƴan burushin da ke kai masa wuta, har cikin kofin ruwa ake tsoma shi, a jona masa batir biyu, volt 3, ya yi ta juyawa a hankali har ruwan ya yi toka-toka. Sai a busar, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowane bushin, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki.

Mai Rewayin: Wannan zaunar da kabon ne a kan jan ƙarfe, sabon inji ake yi wa. Ba wanki ba ne. Ka tsoma marar kabon ka ga yadda boris zai yi tsatsa.

Ɗan Kurmi: Abin da ya shiga ruwa ya fito fes, me sunansa a Hausa?

Auta: Yaya Ɗan Kurmi ya fi gaskiya, shi ya gyara min tawa. Ni dai man feshi na WD-40 nake fesawa.

Mai Rewayin: Auta, wannan korar danshi yake yi, kuma yana barin maiƙo ƙura ta manne. Man keken ɗinki ya fi shi a bushin.

Auta: Baba, kai fanka ka sani.

Kawu: Kai yaro, ka iya bakinka! Kafin a haife ka yake naɗa waya. Duk a kan abin wasan yara?

Ɗan Kurmi: Kawu, da girmanka, motar da ke da giya da boris ba abin wasa ba ce.

Mai Motar: To batun fetur ɗin fa?

Shugaban Zaure: A taƙaice, an tabbatar ana wanke inji mai kabon, kamar yadda Ɗan Kurmi ya kawo hujja. Masu cewa a goge ba su kawo komai ba. Auta, ka ba Baba haƙuri. Na rufe.